RA'AYINMU: Kumbo Ne Ke Wucewa, A Koya Wa Yaranmu Gane Shi

Tun daga watan Mayu na 2019, lokacin da kamfanin SpaceX na Amurka ya harba taurarin ɗan Adam guda 60 a tashi ɗaya, jama'a a ƙasashe da dama suka soma ganin abin da ba su saba gani ba, wato jerin fitilu farare suna bin juna a sararin sama kamar ayarin fatake, babu ƙara, babu hayaƙi. Duk sa'ad da aka ga irin wannan, kafin gari ya waye jita-jita ta cika wayoyi. Wani ya ce mayu ne za su taro, wani ya ce jiragen yaƙi ne, wani kuwa ya miƙe ran Lahadi ya ce ƙarshen duniya ne ya ƙarato, har ya nemi a kawo baiko na musamman. Wannan na ƙarshen shi ya fi damunmu, domin da tsoron talaka yake cika aljihunsa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Ba mu manta da abin da ya faru a Maiduguri a watan Janairu na 2001 ba, inda wasu matasa suka ƙone otal-otal da mashaya saboda an yi husufin wata, abin da masana suka san ranarsa da sa'arsa tun shekaru kafin ya auku. Rashin sanin abin da ke sama ciwo ne da bai zaɓi addini ba, mu ma akwai shi a gidajenmu.

Gaskiyar magana ita ce waɗannan fitilu ƙirar hannun mutum ne. Tun ranar 4 ga Oktoba 1957 da tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, ba a daina aika na'urori suna kewaya duniya ba, yau kuwa dubbai ne. Masu jerin gwanon nan sunansu Starlink, aikinsu kai intanet, kuma Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da suka fara aiki a cikinta a 2023. A kwanakin farko bayan harba su ne suke tafiya kusa da juna, daga baya su hau can sama wajen kilomita 550, su warwatsu, haskensu ya ragu.

Amma wanda ya fi cancanta a fito a kalla shi ne babbar tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai suka haɗa hannu suka gina. An harba sashenta na farko a Nuwamba 1998, kuma tun ranar 2 ga Nuwamba 2000 ba a taɓa barinta babu mutum a ciki ba. Faɗinta ya kai mita 109, wato kamar filin ƙwallon ƙafa. Tana tafiya a nisan kimanin kilomita 400 daga ƙasa, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, don haka cikin minti 90 da 'yan kai ta zagaye duniya, sau 16 ke nan a kwana guda. Hanyarta ta ratsa saman ƙasar nan gaba ɗaya, daga Kagoro har Numan, daga Zuru har Biu, kuma ba a bukatar madubin hangen nesa kafin a gan ta. Ido kawai ya isa. Ƙasar Sin ma tana da tata tashar mai suna Tiangong, wadda aka kammala a 2022, ita ma ana ganinta, sai dai ba ta kai waccan haske ba.

Ga yadda ake gane ta. Ba fitilarta ake gani ba, hasken rana ne ke dukan jikinta ya dawo mana, kamar yadda wata yake yi. Saboda haka ba a ganinta da tsakar dare, sai dai cikin awa ɗaya ko biyu bayan faɗuwar rana, ko kuma da asuba, lokacin da ƙasa take cikin duhu amma can sama rana na haskawa. Takan ɓullo daga ɓangaren yamma ta nufi ɓangaren gabas, fara fat, wani lokaci haskenta ya yi kusa da na Zara, ta ratsa sama cikin minti biyu zuwa shida. Jirgin sama yana da fitilu ja da kore masu ƙyaftawa, kuma akan ji rugurginsa. Tauraron da ya faɗo kuwa kafin ka ce wa na kusa da kai ya duba ya ɓace. Ita tashar tafiya take yi a natse, ba ƙyaftawa. Wani lokaci sai a ga ta dushe ta ɓace a tsakiyar sama, abin da ya fi tsorata mutane ke nan, alhali inuwar duniya kawai ta shiga.

A nan ne muke ganin mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a. Fitilun Kaduna da Abuja sun cinye taurari, amma a ƙauyukanmu sama tana nan garau kamar yadda kakanninmu suka san ta, waɗanda suke duban Kaza da 'Ya'yanta su san inda damina ta kwana, su dubi Gamzaki su san lokacin kama hanya. Ko ɗauke wutar da muke kuka da shi kullum, a wannan fanni kam ya yi rana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba da Nuwamba, kafin hazo ya rufe sama.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ikilisiyoyi, da malaman makarantar Lahadi, da masu kula da ƙungiyoyin matasa, da malaman kimiyya a makarantunmu, da su ɗauki wannan aiki. Ba ya cin ko kwabo. Hukumar NASA ta Amurka tana da manhajar waya kyauta mai suna Spot the Station, akwai kuma shafin Heavens-Above, waɗanda za su faɗa maka rana da minti da kusurwar da tashar za ta fito a garinku. Waya ɗaya ta ishi ikilisiya guda. A sanar da lokacin tare da sauran sanarwa ran Lahadi, a tara yara a harabar majami'a bayan addu'ar yamma, tun da halin tsaro bai bar mu mu fita daji da dare ba, a gayyaci maƙwabta Musulmi da 'ya'yansu. Idan yaro ya ji an ce ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu za ta fito ta bayan tsamiya, ya kuma ga ta fito daidai, da wuya wani ya sake ruɗarsa da labarin mayu.

Bugu da ƙari, wannan fage ba na Turawa kaɗai ba ne. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumba 2003, sa'an nan NigComSat-1R daga Sin a Disamba 2011. Shi wannan na biyun yana can nisan kusan kilomita 36,000, ido ba ya kai masa. Hukumar na bukatar injiniyoyi, ba mu kuwa ga dalilin da zai hana su fito daga makarantun mishan na Arewa ba.

Sai dai a hanzarta. Tashar Mir ta Rasha ta yi shekara 15 a sama, aka sauko da ita cikin tekun Pasifik a Maris 2001. Ita ma wannan babbar tashar, shirin da NASA ta bayyana shi ne a daina aiki da ita wajen 2030, a sauko da ita cikin teku. Yaran da ke aji ɗaya na firamare yanzu, in ba a nuna musu ba, za ta sauka kafin su shiga sakandare.