DIYYA HAKKI CE, BA SADAKA BA

Ya 'yan'uwana talakawan Kaugama, ku ba ni aron kunnuwanku.

A shekarar 2010 wata rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a Tekun Meziko, baƙin mai ya malale gaɓar Amurka, masu zuwa shan iska suka ƙaurace. Gwamnati ta matsa wa kamfanin har ya ware dala biliyan 20 don biyan diyya. Ku lura da waɗanda aka biya. Ban da masu jiragen kamun kifi, har ma'aikacin otal da mai dafa abinci sun shigar da buƙata sun karɓa, alhali ba su da ko taku ɗaya na fili a bakin teku. Sana'arsu ce ta mutu, ita aka biya.

Kada wani ya ce ai wannan sai Turawa. A Bodo ta ƙasar Ogoni bututun Shell ya tsiyaye a 2008. Masunta suka kai ƙara London, a 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55, mutum 15,600 kowa ya sami rabonsa a hannu.

Mu nan babu man fetur, amma muna da namu malalar. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga nan kogin Hadejia ya sake hali. Da, ruwa ya zo da damina ya shimfiɗu a fadama, ya bar kifi da danshi ya janye. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, kachala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya yi sheƙa a cikinta yana cinye shinkafa da gero. Wani wuri ya bushe ƙayau, wani ruwa ya kwanta a gona ya ƙi tashi. To wa ya biya masunci? Wa ya biya mai fito, da matar da ke bandar kifi, da yaron da ke tuƙa baƙi a kwale-kwale su kalli tsuntsaye a Baturiya?

Dokar Filaye ta 1978 tana maganar diyya ne idan hukuma ta karɓi fili, a ƙiyasta shuka da gini. Wanda ruwa ne gonarsa, dokar ba ta san da shi ba. Nan gizo ke saƙa.

Na riƙe alli kafin in shiga wannan aiki. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun bar aji saboda komar uba ta daina kamawa, an tura su birni ga-ruwa. Bayan ambaliyar 2022 aka zo da mudun masara da tabarma, aka ɗauki hoto, aka tafi. Mun gode, amma wannan agaji ne. Haba jama'a!

Abin da jam'iyyarmu za ta kai majalisa shi ne a rubuta sunan kowane mai sana'ar ruwa gunduma-gunduma, a gaban bulama da sarkin ruwa, a fili ba a ɗaki ba. A ƙiyasta abin da mutum ke samu a shekara, a biya shi da hannunsa, ban da ɗan tsakiya. Kuɗin kuwa su fito daga cikin ribar da ake ci da ruwan madatsun nan.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku neman ƙuri'a, ko namu ne, ku tsayar da shi ku tambaye shi nawa za a biya masunci, kuma yaushe.