Kafin a sake tona burtsatse, a tambayi masana ruwa na jami'o'inmu



A unguwarmu nan Malumfashi an taɓa tona mana rijiyar burtsatse gab da zaɓe. Ni na tara samari muka share fili, muka kafa rumfa, aka yi kiɗa aka yanke ƙyalle. Ko wata huɗu ba a yi ba famfon ya fara tari, daga nan ya yi shiru. Yau awaki ake ɗaurewa a jikinsa, matan unguwa sun koma sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa, kuma ni suke tsarewa a hanya suna cewa, "Shugaban matasa, ina ruwan naku?" Wallahi ba ni da amsa.

Ni difloma gare ni, ba injiniya ba ne, amma na bi diddigi. Ƙasarmu ta kudancin Katsina, daga Malumfashi zuwa Bakori da Funtuwa, a kan dutse take zaune. Ruwan ƙasa a nan yana maƙale ne cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. In mai tona ya kuskure tsagar, ko ya yi zurfi ƙura zai fitar. Shi ya sa ake auna ƙasa da na'ura kafin a kawo injin. Mu kuwa inda mai gida ya nuna da yatsa nan ake tonawa.

Malumfashi ta san amfanin bincike tun da daɗewa. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun zauna a yankin nan suna bincike. Sun bibiyi cutar tsargiya, wato fitsarin jini, har dam ɗin Ruwan Sanyi, suna lura da yadda yara ke kamuwa wajen wanka da wasa cikin ruwa. Sunan garinmu ya shiga mujallun likitoci na duniya. A lokacin jihar Katsina ma ba a ƙirƙiro ta ba, sai 1987. Yanzu muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tun 2011, kusa da dam ɗin Zobe. To me muke jira?

Kuma kada wani ya ce babu inda kuɗi za su fito. Akwai asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana karɓar haraji daga kamfanoni, kuma yana da kaso na musamman don bincike. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da aka amince da su a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma aikinsa kenan: ƙasa da ruwa. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, mai horar da ma'aikata. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta zuba nata kason, ta zaunar da su teburi ɗaya da jami'o'inmu.

Ga abin da nake so mu matsa a kai. Na ɗaya, duk kwangilar ruwa a ware mata ɗan kaso na bincike, a ba sashen da ya dace a jami'a, kuma kada a biya ɗan kwangila sai an ga rahoton awon ƙasa. Na biyu, a kafa ƙaramar tashar bincike a dam ɗin Malumfashi da na Mairuwa, a riƙa auna yawan laka da yashin da ke cike su duk damina, da ingancin ruwan da ke gangarowa daga gonakin masara da auduga ɗauke da taki da maganin feshi. Na uku, a ɗauki nauyin 'ya'yan yankin nan su yi digiri na biyu da na uku a fannin ruwa, da sharaɗin binciken nasu a kan rijiyoyi da fadamunmu za su yi shi, kuma a fassara sakamakon da Hausa.

Na san wasu abokan tafiya za su ce bincike ba ya kawo ƙuri'a, tunda ba a ɗaukar hoto da shi. To ku zo unguwarmu ku ƙirga ƙuri'un da mataccen famfo ya kawo mana. Irin masarar da muke alfahari da shi, wanda sunansa ke farawa da SAMMAZ, daga ɗakin binciken Samaru ya fito, kuma manomi bai taɓa cewa asara aka yi ba.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu da alƙawarin burtsatse, namu ne ko na wani ɓangare, mu tambaye shi a gaban jama'a: wa ya auna wurin, kuma ina rahoton? In ya kasa amsawa, a ce ya je ya dawo da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.