Tallan Facebook: Darasi Daga Kasuwar Bahri

Idan ba a manta ba, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, masu sayar da turare da lalle da lafaya a Bahri da Omdurman sun rungumi talla a Facebook da WhatsApp, mai saye ya biya ta manhajar Bankak. Yaƙi ya watsa jama'a zuwa Port Sudan da Masar, sannan a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke. Wanda ya dogara ga yawan masu kallon shafinsa ya wayi gari hannu rabbana. Wanda ya rubuta lambobin abokan cinikinsa a littafi kuwa, da layi ya dawo yana da waɗanda zai nema.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Jibiya cikin 2021, lokacin da aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga.

Saboda haka, 'yan uwa, mu daina auna talla da yawan masu yabo. Duk ƙarshen wata mu zauna mu lissafa: nawa muka kashe, mutum nawa suka saya, nawa suka sake dawowa? Tallan da bai fitar da kuɗinsa ba mu dakatar da shi. Mu riƙa sauya hoto, domin ido kan gaji, kuma kayan da muka nuna su ne za mu aika, don mai saye ya dawo ba sai mun sake biyan talla ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.