Ra'ayi: Hoton biki ba talla ba ne, a bar shi ya faɗi abin da ya faru

Duk mai leƙa shafukan biki a Instagram da TikTok ya san yadda hotunan auren Kano da Abuja da Kaduna suka koma. Amarya a gaban bangon furanni, ango ya dafa ƙirji, fuska sumul babu ko ɗigon tabo, an ƙara mata haske har sai danginta sun duba sau biyu kafin su gane ta. In ka ga ɗaya, ka ga ɗari. A ganina muna zuba kuɗi a kan hoton da ba zai tuna mana komai ba nan da shekara 20, alhali abin da zai adana mana ainihin ranar yana cikin aljihunmu.

Akwai wani salon ɗaukar hoton biki da aka aro daga aikin jarida. Mai hoto ba ya jera kowa, ba ya cewa "ku matso, ku yi murmushi". Bin taron yake yi, yana jiran abin da zai faru. Shi ne zai kama wakilin ango yana miƙa sadaki a gaban shaidu, da yara suna wawason alewa bayan an shafa fatiha, da ƙawaye sun kafe a wajen sayen baki, da goggo ta riƙe hannun amarya tana yi mata nasiha, su biyun suna hawaye. Ba a maimaita irin waɗannan. In sun wuce, sun wuce ke nan.

Kada a ce al'adar Turawa ce. Malick Sidibé na ƙasar Mali ya yi shekarun 1960 yana yawo da kyamara a wuraren shagalin matasan Bamako, yana ɗaukar su suna rawa da hira. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinare a baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya. Ya rasu a 2016, amma har yau ana kallon hotunansa don a ga yadda mutanen wancan zamani suke sa kaya, suke dariya, suke zama da juna. Wannan shi ne aikin hoto.

Matsalar ita ce wayoyinmu sun koyi yi mana daɗin baki. An daɗe ana saita kalar hoto bisa fatar Bature, tun lokacin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton farar mace. Kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da itel ya samu kasuwa a Afirka ne, a wani ɓangare, saboda ya saita kyamarorinsa su fito da baƙar fata da kyau. Google ma ya kawo Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021 saboda wannan dalili. Abin takaici, bayan duk wahalar da injiniyoyi suka sha don kalarmu ta fito daidai, sai mu kunna filta mu ɗashe ta da hannunmu.

Yanzu abin ya wuce filta. Pixel 8 ta zo a 2023 da Best Take, wadda ke ɗauko fuskar mutum daga wani hoto ta ɗora a wani. Galaxy S24 ta 2024 tana iya matsar da mutum ko ta goge shi gaba ɗaya. Suna da amfaninsu. Amma kafin ka goge dattijon nan da ya gifta ta bayan amarya "ya ɓata hoton", ka tuna wataƙila shi ne hotonsa na ƙarshe a taron dangi.

Ga mai son gwada wannan salo da waya, abu na farko shi ne kashe gyaran fuska, don wayoyi da dama da shi a kunne suke zuwa. Na biyu, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka: waya mai 108 yawanci tana haɗa ɗigo tara ne su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai 12. Haske ya fi lamba muhimmanci. A wajen ɗaurin aure bayan Juma'a rana na tsaka, ga fararen manyan riguna, sai ka taɓa fuskar wanda kake ɗauka a allo ka ɗan rage hasken, in ba haka ba aikin rigar zai ɓace. A ɗakin kamu ko zauren dina kuwa, tsarin ɗaukar dare yana buƙatar mutum ya tsaya cak, don haka mai rawa zai fito dishi-dishi; gara ka matsa kusa da fitila ko taga. In wayarka na da madubin da ke janyo nesa ninki 2 ko 3, yi amfani da shi ka tsaya gefe, don da zarar an ga waya a fuska kowa zai gyara zama. Sannan ka riƙa ɗaukar hotuna a jere, ka zaɓa daga baya.

Wani zai ce iyaye suna son hoton da aka tsaya aka shirya. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne. A ware masa minti 30, a jera dangin ango da na amarya, a gama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wuni guda filin shirya fim, amarya na ta juya wuya baƙi na zaune suna jira.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sirri. Kamu da sa lalle taron mata ne, an ajiye mayafi, an saki jiki. Kyamarar da ke ɗauka ba sanarwa za ta iya kama matar wani a yanayin da ba ta so duniya ta gani, kuma hoto guda a TikTok ya isa ya haddasa rigima a gidan aure. Haka batun liƙi: a 2024 hukumar EFCC ta kai fitattun mutane kotu kan wulaƙanta naira, kuma bidiyon da aka yaɗa a intanet ne ya tona su. Maganin ba shi ne a daina ɗauka ba. A nemi mace mai hoto don taron mata. A rubuta yarjejeniya tun kafin a biya kafin alƙalami, cewa ba za a sa hoto ko ɗaya a shafin talla ba sai da izinin ma'aurata. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma abin da kuka rubuta tsakaninku shi zai fi saurin yi muku aiki. Ku kuma 'yan biki, ba duk abin da waya ta ɗauka ake sakawa a sitatus ba.

Saura adanawa, inda da yawa ke yin asara. WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci. Ko zaɓin HD da aka kawo a 2023 bai kai na asali ba, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Google Photos ya daina ba da ma'ajiya kyauta marar iyaka tun watan Yunin 2021, abin da ya rage shi ne GB 15 da ake rabawa da Gmail da Drive, wanda bidiyon biki ɗaya zai iya cinyewa. Ku karɓi hotunan na asali daga mai hoto, har da waɗanda bai gyara ba, ku ajiye a wuri biyu. Ku wanke ko da 40 ne a takarda, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Mai shirin aure a bana, kafin ka tambayi mai hoto wace kyamara yake riƙewa, ce masa ya nuna maka hotunan biki guda tun daga farko har ƙarshe. In ba ka ga mai kuka ba, ba ka ga mai dariya da gaske ba, ba ka ga tsofaffi ba, nemi wani.