A Riƙe Kuɗin Mai Zamba, Amma Kada Majiyyaci Ya Biya Tarar

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun, yau maganar asibiti za mu yi. Da yawa cikinmu sun bar iyaye da iyali a gida, kuma in ciwo ya kama su, a kanmu wayar take faɗowa. Tambayar ita ce: in hukumar inshorar lafiya ta zargi wani asibiti da zamba, daidai ne ta tsayar da kuɗinsa tun kafin a tabbatar da laifin? Ra'ayinmu shi ne daidai ne, amma da sharuɗɗa.

Bari mu duba yadda kuɗin yake tafiya. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, aka fara aiki da shi a 2005, sa'an nan a 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA ta kuma mai da inshorar dole. Kuɗi yakan fito daga hukuma, ya bi ta hannun kamfanonin dillanci da ake kira HMO, kana ya isa asibiti. Akan biya asibiti kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, manyan ayyuka irin su tiyata kuwa akan biya su dabam. To, nan ne ƙofar zamba take. Akan cusa sunayen mutanen da babu su, akan nemi kuɗin aikin da ba a yi ba, akan kuma ce wa majiyyaci magani ya ƙare don ya saya da kuɗinsa, alhali kashi 10 cikin ɗari kaɗai ya kamata ma'aikaci ya biya.

Wanda yake yin haka ba gwamnati kaɗai yake cuta ba, talaka yake cuta. Kuɗin da ya fita kuwa wuyar dawowa gare shi. In aka ce sai kotu ta yanke hukunci kafin a rufe famfo, shari'ar ƙasar nan ba ta sauri, kafin a gama mai asibitin ya kwashe rabonsa. Saboda haka tsayar da biya shi ne rigakafin da ya fi magani.

Amma mu dubi gari kamar Keffi a Jihar Nasarawa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai jami'ar jiha, ga ma'aikatan tarayya masu ɗimbin yawa da suke kwana a kan hanyar Keffi zuwa Abuja, ga kuma hukumar inshorar jiha, NASHIA. Mutumin cikin gari yana iya sake asibiti. Na ƙauye fa, wanda ƙaramin asibiti ɗaya tak ne kusa da shi? Ranar da aka tsayar da kuɗin wannan asibiti, ranar zai ji an ce masa ya kawo tsabar kuɗi. Mai juna biyu da mai hawan jini ba su saci komai ba, amma su za su fara shan hukuncin.

Amurka ta san wannan. Dokar lafiyarta ta 2010 ta yarda a tsayar da kuɗin asibiti in akwai zargi mai tushe, amma ta yi togiya: in wurin shi kaɗai ne jama'ar yankin suka dogara da shi, ana iya ci gaba da biya, ko a riƙe wani kashi kawai.

Mu ma sai a yi haka. Na farko, zargin ya zama mai hujja, ba tsegumin abokin kishi ba. Na biyu, a sanar da asibiti a rubuce, a ba shi damar kare kansa. Na uku, a yanke wa bincike wa'adi, a ajiye kuɗin gefe guda, in an wanke asibiti a biya shi nan take. Na huɗu, wanda ya fi duka, a mai da masu rajista wani asibiti kafin a tsayar da ko kwabo.

Har wa yau, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Asibitoci sun daɗe suna kukan wasu kamfanonin HMO suna danne musu kuɗi wata da watanni, har Majalisar Wakilai ta zauna a kan batun a 2017. NHIA da kanta ta ce a 2024 ta hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47. Madalla, amma sandan da ya doki likita ya doki dillali ma.

Ku kuma 'yan'uwa, ku gaya wa na gida su riƙa karɓar rasit, su tambayi abin da inshora ta ɗauke musu, in an cuce su su kai ƙara ofishin hukumar. Kuɗin nan na jama'a ne, wanda ya yi shiru shi ya yarda a ci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.