Masu gadin daji ba abokan gabarmu ba ne

'Yan'uwa, mun saba kallon masu gadin gandun dajin Old Oyo a matsayin masu kama mana shanu da gawayi. Amma duk dajin da suka bari, 'yan bindiga ke gaje shi. Mun ga yadda Kamuku ta Birnin Gwari ta koma. Mutanen nan a daji suke kwana, wasu ba sa dawowa. Shi ya sa ƙungiyarsu ta duniya ta ware 31 ga Yuli don tunawa da waɗanda suka rasu a bakin aiki. Muna goyon bayan su haɗa kai su nemi inshora da haƙƙin iyalansu. Mu kuma mu ja kunnen yaranmu, kada su shiga gandu da shanu ko gatari. Allah ya tsare mu.