Zubar Jini da Damuwar Zuci: Kada Mu Bar Matanmu Su Kaɗai

Akwai wata lalura da ke cin mata da yawa a ikkilisiyoyinmu, amma kunya ta hana a ambace ta, wato zubar jinin al'ada fiye da kima. Likitoci sun ce al'adar da ta wuce kwana 8, ko mai sa mace canza auduga kowace awa ɗaya ko biyu, ko mai zuwa a tsakiyar wata, tana bukatar bincike. Sau da yawa ƙari ne a mahaifa, wanda ya yi yawa a matan Afirka. Jinin da ya dawo bayan mace ta daina al'ada kuwa, a hanzarta asibiti, gama yana iya zama alamar ciwon daji.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ke biyo baya. Jini in ya ragu a jiki, sai kasala da jiri da bugun zuciya. Ga fargaba: ko zane zai ɓaci ana cikin sujada, ko haihuwa za ta gagara, ko maigida zai juya baya. Sai mace ta daina zuwa Zumuntar Mata, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. In baƙin cikin nan ya kai mako 2 ba sauƙi, ciwon damuwa ne mai bukatar magani. Kada a kira shi ƙarancin bangaskiya.

Markus sura 5 ta ba mu labarin macen da ta shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta wajen neman magani, Shari'a kuma ta ɗauke ta marar tsarki. Bayan ta warke, Ubangiji ya neme ta cikin taro, ya kira ta 'yarsa, ya mayar mata da mutuncinta. Wannan aiki yana kanmu yau.

Saboda haka, magidanta, ku raka matanku asibiti a gwada jini, a ɗauki hoton mahaifa. Akwai ƙwayoyin ƙarin jini, da na rage zubarsa, da tiyata in ta kama. A kuma gaya wa likita halin da zuciya ke ciki. Shugabannin mata, ku ziyarci wadda ta ɗauke ƙafa, ku riƙe asirinta. Fastoci da dattawa, kada a ce sammu ne ko hukuncin zunubi, kada kuma a nisanta ta daga Jibin Ubangiji. Wadda ta fara cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti ranar nan. Mu yi addu'a, mu kuma tashi.